Filif-filof nau'in D: inda yake ba da kunya, da abin da za ka yi gobe da safe

Ƙanena, idan furojet ɗinka na bana yana da makunnin dannawa, ko na'urar ƙirga, ko abin kashe famfo idan tanki ya cika, to da wuya a ce ba ka riga ka zana 7474 ko 4013 a cikinsa ba. A kwamfuta kuma ya yi aiki tsaf: Proteus ya nuna ƙwai ya kama, ya mutu, ya sake kamawa, kamar yadda littafi ya faɗa. Sai ka dasa shi a allon gwaji, ka danna sau ɗaya, ƙwan ya yi abin da ya ga dama.

Da kai nake, ko kana jami'ar tarayya da aka kafa a 2013 wadda ke nan Kalgo, ko kana kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ko jami'ar kimiyya ta Aliero, ko kuwa shagon gyaran rediyo da inbata kake a Gwandu kana son haɗa naka da hannunka. Ke ma ƙanwata, duk abin da na gaya masa, ke ma na gaya miki.

Aikin wannan aisi guda ɗaya ne. Daidai lokacin da wutar ƙafar kilok ta tashi daga 0 zuwa 1, sai ya dubi ƙafar D, ya kwafe abin da ya gani zuwa ƙafar Q, ya riƙe shi har wani tashin. Tun 1918 William Eccles da F. W. Jordan suka yi rajistar kakansa a Ingila, da kwalaben rediyo irin na da, kuma yau babu waya ko kwamfutar da ba ta cike da jikokinsa. Amma halaye biyu ne ke jawo masa kusan duk aibunsa. Duk tashin da ya gani a ƙafar kilok sai ya yarda da shi, na gaskiya ne ko na hayaniya. Riƙonsa kuma da wuta yake, da ta ɗauke ya manta. A garin da wuta ke zuwa tana tafiya, ga zafi ga ƙura ga injin famfo, waɗannan halaye biyu kullum sai sun nuna kansu.

1. Ɗaure duk ƙafar da ba ka amfani da ita.

Wannan ne gyara mafi araha, don haka da shi za ka fara. 74HC74 yana da ƙafa 14, da filif-filof biyu a ciki. Idan ɗaya kake amfani da shi, ƙafafun shiga na ɗayan, wato 10, 11, 12 da 13, kada ka bar su a sake. Haɗa 10 da 13 da 5V, 11 da 12 da nagetif. Ƙafafun fita, 8 da 9, su kam a bar su haka.

A ɓangaren da kake amfani da shi, ƙafa ta 1 da ta 4, wato CLR da PRE, suna aiki ne idan aka kai su 0. Muddin ba ka bukatarsu, su zauna a 5V. A 4013 kuwa abin akasin haka ne: ƙafa ta 4 da ta 6 suna aiki ne idan suka ga 1, saboda haka a nagetif za su zauna. Tsarin ƙafafun ma gaba ɗaya daban yake. Kada ka cire wannan ka soka wancan a gurbinsa don kawai ƙafafunsu 14 ne duka.

Ga yadda za ka gane wannan ciwo da idonka. Kunna allon, ka kawo yatsanka kusa da aisin ba tare da ka taɓa ba. Idan ƙwan ya fara ƙyaftawa, ko ya canza da ka janye hannu, akwai ƙafar da ke a sake. Tsofaffin littattafai da 74LS74 suka koyar, wanda ƙafarsa a sake takan karanta 1 da kanta, shi ya sa zanensu ke barin ƙafafu haka. 74HC74 da 4013 ba sa yafe wannan.

2. Kada ka haɗa makunni kai tsaye da ƙafar kilok.

A nan yawancin furojet ke faɗuwa, don haka bari in daɗe a kai. Tunda nau'in D ba ya juyawa da kansa, kowa yakan mayar da ƙafa ta 6 ta 74HC74, kishiyar Q, zuwa ƙafa ta 2, domin danna ɗaya ya kunna, danna na biyu ya kashe. Dabarar daidai ce. Makunnin ne ba shi da tsabta. Idan ka danna, ƙarafan ciki ba sa haɗuwa sau ɗaya su tsaya. Sai sun yi ta karo suna rabuwa na ɗan lokaci, galibi 'yan milisakan. Kai danna ɗaya ka yi, shi kuwa aisin da ke aiki da nanosakan ya ga tashi da yawa, kuma kowanne ya juya masa. Idan adadinsu mara ne ƙwai ya kama, idan cika ne ya koma yadda yake, kai kuma ka ce aisi ya ƙone.

Gyaran shi ne: rezista 10k daga 5V zuwa wata mahaɗa, kafasita 1µF daga mahaɗar zuwa nagetif, sai makunnin da rezista 470 a jere, su ma daga mahaɗar zuwa nagetif. Idan ka danna, kafasitar ta zube da sauri. Idan ƙarfe ya ɗan rabu, sai ta fara cika a hankali, kusan milisakan 10, kafin ta yi nisa ƙarfen ya sake haɗuwa. Ta haka karon ke ɓacewa.

Amma kada ka tsaya nan, domin ka magance ɗaya ka haifi wani. Yanzu wutar mahaɗar tana tashi a hankali, shi kuma filif-filof tashi mai kaifi yake so. Takardar bayanin 74HC tana neman ya kammala cikin abin da bai wuce rabin mikrosakan ba. Idan wuta ta daɗe tana jan ƙafa a tsakiya, ƙaramar hayaniya ta isa ta sa ya ƙirga sau biyu. Saboda haka ka ratsa mahaɗar ta cikin 74HC14 kafin ta isa ƙafa ta 3. Aikinsa ke nan, ya karɓi wuta mai jan jiki ya fitar da ita a tsaye. Wasu kamfanoni sun sa ɗan kariya irin wannan a ƙafar kilok ta nasu 74HC74, amma ba ka san na wane kamfani za a miƙo maka a kanti ba. Ni dai ba na yarda da zanen da ke da makunni da filif-filof babu 74HC14 a tsakaninsu. Ƙofa shida ke cikinsa, kuma za ka bukaci sauran nan gaba kaɗan.

3. Faɗa masa inda zai tashi idan wuta ta dawo.

Idan aka kunna filif-filof, babu wanda ya yi maka alkawarin Q zai fara a 0. Yau 0, gobe 1, ya danganta da aisin, da zafin rana, da yadda wutar ta shigo. A ɗakin gwaji abin dariya ne. A gidan da Q ke tuƙa famfon burtsatse kuwa, yana nufin wuta ta dawo ƙarfe biyun dare, famfo ya tashi babu wanda ya kunna shi, tanki ya yi ta ambaliya har asuba, ko rijiya ta ƙafe injin ya yi ta juyi babu ruwa.

A 74HC74, sa rezista 10k daga ƙafa ta 1 zuwa 5V, da kafasita 10µF daga ƙafa ta 1 zuwa nagetif. Idan wuta ta shigo, kafasitar za ta riƙe CLR a ƙasa na kusan milisakan 100, Q ya fara a 0 kowane lokaci. Ya fi kyau ka ratsa wannan ta ƙofa biyu na 74HC14 ɗin nan, ɗaya bayan ɗaya, domin sakin ya zama mai kaifi. A 4013 juya su za ka yi: kafasita daga fozitif zuwa ƙafa ta 4, rezista daga ƙafa ta 4 zuwa nagetif.

Sai wani ɗan abu da zanen intanet ke yawan mantawa, alhali mu a nan shi ne ya fi damunmu. Wutarmu takan ƙyafta ta dawo nan take, musamman lokacin da ake juyawa daga layi zuwa janareta ko inbata. A irin wannan ƙyaftawa kafasitar ba ta samu damar zubewa ba, don haka ba za ta share aisin ba, shi kuwa ya riga ya rikice. Ɗora dayod 1N4148 a kan rezistar, ɓangaren mai zobe yana kallon 5V. Da wuta ta faɗi, kafasitar ta zube ta cikinsa nan da nan.

Kuma ka zaɓi tsarin da 0 ke nufin a kashe. Duk abin da ke juyawa ko ke zafi, a mace ya kamata ya tashi.

4. Idan abin tunawa ne bayan ɗauke wuta, nemi wani.

Mai injin casar shinkafa ya ce ka haɗa masa abin ƙirga buhuna. An kai buhu na 83, wuta ta ɗauke, lissafi ya tafi. Babu rezistar da za ta gyara wannan, halittarsa ce. Ko ka ba allon batirinsa na kansa, ko ka ajiye lambar a EEPROM. 24C02 mai ƙafa 8 yana riƙe bait 256 babu wuta. ATmega328P da ke kan Arduino Uno yana da 1KB nasa a ciki, sai dai kowane gurbi kusan sau 100,000 aka lamunce a rubuta masa, don haka ka rubuta idan lambar ta canza kawai.

Ko da wuta ma, tsada gare shi wajen ajiya. Bit 8 na bukatar 74HC74 guda huɗu, ƙafa 56 ke nan da za ka bi da waya. 74HC574 ko 74HC273 na yin wannan aiki da ƙafa 20.

5. D ta tsaya cik lokacin da kilok ke tashi.

Kamar mai hoto ne: ka tsaya kafin ya danna, ka kuma ɗan daure bayan ya danna, in ba haka ba hoto ya fito dishi-dishi. Buɗe takardar bayanin aisinka ka nemi tsu da th. Na farko shi ne tsawon lokacin da D za ta zauna kafin tashin kilok, na biyu bayan tashin. A 74LS74 nanosakan 20 ne kafin, 5 bayan.

Idan D ta motsa a cikin wannan 'yar taga, Q na iya maƙalewa a tsakiya, ba 0 ba ba 1 ba, na ɗan lokacin da babu mai iya faɗa, kafin ya faɗa gefe guda. Ƙofa biyu da ke karanta shi sai ɗaya ta ce 1 ɗaya ta ce 0. Thomas Chaney da Charles Molnar na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun wallafa shaidar wannan a 1973, kuma har yau ba a kawar da shi ba, rage shi kawai ake yi.

Ga ra'ayina a fili: idan kilok ɗinka 555 ne mai bugu kaɗan a sakan, da wuya ka taɓa ganin wannan, kuma kada ka ɗora masa laifin da na makunni ne. Amma idan ka hau FPGA mai gudun 50MHz, ko kana karɓar sigina daga wata na'ura mai nata kilok, wajibi ne ka tsare shi. Ratsa siginar ta filif-filof biyu a jere, Q na farko zuwa D na biyu, kilok ɗaya ya tuƙa su duka, ka ɗauki amsa daga na biyu. Farashinsa jinkirin bugu biyu. Malamin da ke duba aikinka na iya tambayarka wannan ranar kare furojet, ka tanadi amsa.

6. Kada ka sa ƙofa a kan hanyar kilok.

Nau'in JK yana da yanayin da za ka ce masa ya riƙe abin da ke hannunsa. 74HC74 ba shi da shi, duk tashin kilok sai ya kwafi D. Abin da ke fara zuwa wa mutum shi ne ya sa ƙofar AND a gaban kilok, ya riƙa buɗewa da rufewa. Idan ka buɗe ta alhali kilok yana 1, ka ƙirƙiri tashin ƙarya da hannunka. Bar kilok ya tafi kai tsaye. Yi amfani da 74HC377 mai ƙafar izini, ko ka sa 74HC157 a gaban D ya riƙa zaɓa tsakanin sabon bayani da Q ɗin da ake da shi.

7. Ƙirgar da kowane aisi ke tura na gaba tana faɗin ƙarya a hanya.

Ka jera filif-filof huɗu, kowanne yana ba na gabansa kilok. Kowanne na ɗaukar kusan nanosakan 20 kafin amsarsa ta fito, kuma jinkirin taruwa yake yi. Daga 7 zuwa 8, wato daga 0111 zuwa 1000, ƙirgar takan bi ta 6, ta bi ta 4, ta bi ta 0, sannan ta isa 8. Ido ba ya ganin wannan a ƙwai. Amma idan ka sa ƙofar da ke jiran 4 ko 0 domin ta tayar da wani filif-filof, za ta gani, kuma za ta tayar da shi. Don raba gudun kilok kawai, wannan jeri ya wadatar. Idan za a yanke hukunci da lambar, sayi 74HC163, wanda duk bit huɗunsa da bugu ɗaya suke canzawa.

8. Ba shi wuta mai tsabta, ka raba shi da rile.

Kafasita 100nF, mai lamba 104 a jiki, tsakanin ƙafa ta 14 da ta 7 na kowane aisi, manne da shi. Kowane aisi da tasa. 555 na asali yakan fizgi wuta duk lokacin da ya juya, kuma filif-filof ɗin da ke maƙwabtaka da shi yana iya ɗaukar fizgar a matsayin kilok.

Q ba zai iya jan rile ba. Ƙafar 74HC an yi ta ne don kusan 4mA, ta 4013 ba ta ma kai haka ba, ƙaramar rile ta 5V kuwa tana shan kusan 70mA. Sa taransista irin 2N2222 a tsakani, da dayod 1N4007 a kan nadin rilen, mai zobe yana kallon fozitif. In babu dayod ɗin, duk sakin rile sai ya harba wuta baya. Ɓangaren 230V da kontakta na famfo kuwa, bar wa mai aikin wayarin da ya ƙware.

74HC74 daga 2V zuwa 6V yake aiki. Batirin sola na 12V yakan haura 14V idan yana caji, don haka sai da 7805 ko LM2596 a tsakani. 4013 na jure 3V zuwa 15V, shi ya sa masu gyara ke son sa, sai dai ya fi jinkiri. Idan kuma ESP32 mai 3.3V ko tsohon 74LS ne zai tuƙa aisin da ke kan 5V, nemi 74HCT74, mai harafin T.

Zafi ma abin dubawa ne. 74LS74 na kasuwa iyakarsa digiri 70. A watan Afrilu inuwa kanta takan wuce 40 a Kebbi, balle akwatin ƙarfe a rufe a ƙarƙashin kwano kusa da tanki. Huda akwatin ta ƙasa, ka rataye shi a inuwa. A hunturu kuwa, lokacin da riga ke ƙara idan ka cire ta, taɓa ƙarfen taga kafin ka ɗauki aisi, ka ajiye na ajiya a cikin takardar alminiyom. Sa soket mai ƙafa 14 a allonka, kada ka kai ayan da dalma jikin aisin kansa.

9. Don tanki, ƙila ba ka bukatar D da kilok sam.

Hau kan tanki ka leƙa lokacin da famfo ke zuba. Ruwan yana tangaɗi, makunnin da ke iyo yana hawa yana sauka, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Kafasita 1µF ba ta isa ta ɓoye wannan ba. Idan makunni ɗaya ka haɗa da kilok, za ka ji rile tana ƙas-ƙas-ƙas, famfo na tashi yana mutuwa, kuma wannan ne ke cinye inji.

Sa makunni biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Na ƙasa ya ja PRE, famfo ya tashi. Na sama ya ja CLR, famfo ya mutu. D da kilok ka ɗaure su a nagetif. Yanzu tangaɗin ruwa ba ya komai, domin maimaita umarni ɗaya ba ya canza amsa. Sai dai ka kiyaye abu guda: idan PRE da CLR suka sauka tare, misali na ƙasa ya maƙale, Q da kishiyarsa duka 1 za su nuna, famfo kuma ba zai mutu ba. Ƙara ƙofa ɗaya yadda na sama zai rinjayi na ƙasa ko da yaushe. Doguwar wayar da ta sauko daga tanki tana kwaso hayaniya, musamman da damina, don haka ta ƙare a kan PC817, kada ta shiga ƙafar aisi kai tsaye.

Idan kuma aikin ya kai ga jinkiri, da ƙirga, da tunawa, da allon rubutu, gaskiya Arduino ɗaya ya fi maka aisi bakwai. Sai dai in malaminka ya ce da ƙofofi zalla yake son gani.

Gobe da safe

Rubuta jerin kaya kafin ka fita: 74HC14, kafasita 104 guda goma, 1µF, 10µF, rezista 10k da 470, 1N4148, 1N4007, soket. Kowane aisi ka sayi biyu ko uku. Idan babu a Birnin Kebbi, sai an aiko maka daga Sakkwato ko Sabon Garin Kano ta hannun direba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka karanta lambar da ke jikin aisin tun a gaban mai kanti, ka tabbata HC ne ko HCT ko LS, domin "7474" kawai ake kiransu duka.

Idan ka dawo, sa mita a kan ƙafa ta 14 da ta 7 tukuna, ka ga 5V a jikin aisin kansa. Bi kowace ƙafar shiga da mita, kowacce ta nuna 0 ko 5, babu mai yawo a tsakiya. Danna makunni sau 50 kana ƙirgawa da baki. Kuskure ɗaya ma ya isa ka koma mataki na 2. Zare wuta ka mayar sau 20, wasu da jinkiri, wasu da sauri kamar ƙyaftawa, ka ga ko Q yana tashi a 0 kowane karo. Sannan ka haɗa rile da kayan da za ta ja na gaske, ka maimaita duka, domin allon da ya yi lafiya da ƙwai yakan birkice da zarar inji ya shiga. Daga ƙarshe ka rufe shi a akwatinsa, ka ajiye shi a inda zai zauna tun daga azahar har la'asar, ka sake gwadawa yana da zafi.